Daga Maganaɗisu Zuwa Batirin Waya: Nazarin Binciken John Goodenough da Tasirinsa

A ranar 9 ga Oktoba, 2019, aka sanar a birnin Stockholm cewa lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai ta wannan shekara ta tafi ga mutum uku, wato John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, saboda aikin da suka yi wajen samar da batirin litiyam. Goodenough yana da shekara 97 a lokacin, kuma babu wanda ya taɓa karɓar lambar yana da yawan shekarunsa. Maƙalar da ta jawo masa wannan girma ta fito tun 1980, ita kuwa wannan maƙala ta tsiro ne daga wani tunani da ya fara ginawa a 1955 game da maganaɗisu, a lokacin da batir bai ko shiga lissafinsa ba. Wannan doguwar tazara ce ta sa aikinsa ya dace da nazari ga duk mai son sanin yadda ake auna tasirin masanin kimiyya, domin a yau jami'o'i da yawa, har da namu, sun fi dogara da ƙidayar maƙalu da yawan ambaton da aka yi musu cikin 'yan shekaru kaɗan.

An haife shi a garin Jena na ƙasar Jamus a ranar 25 ga Yuli, 1922, iyayensa Amurkawa ne, ya kuma tashi kusa da Jami'ar Yale inda mahaifinsa yake koyar da tarihin addinai. Digirinsa na farko a lissafi ya yi shi, sannan ya yi aikin hasashen yanayi a rundunar sojan Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙin ya shiga Jami'ar Chicago, inda ya kammala digirin digirgir a fannin fiziks a 1952 a ƙarƙashin Clarence Zener. Ba shi da digiri ko ɗaya a kimiyyar sinadarai, kuma wannan ba ƙaramin bayani ba ne a cikin labarinsa, domin duk abin da ya yi daga baya ya faru ne a kan iyakar da ke tsakanin fannonin biyu.

Daga 1952 zuwa 1976 ya yi aiki a ɗakin bincike na Lincoln da ke ƙarƙashin MIT, wato cibiyar fasaha ta Massachusetts a Amurka, wanda rundunar sojan saman Amurka take ɗaukar nauyinsa. Matsalar farko da aka ɗora masa ta shafi ƙwaƙwalwar kwamfuta. A wancan zamani ana adana bayanai ne a cikin wasu ƙananan zobba da aka yi da cakuɗen baƙin ƙarfe da oksijin da wasu ƙarafa, kowane zobe yana riƙe da sifili ko ɗaya gwargwadon inda maganaɗisunsa ya fuskanta. Ana buƙatar zoben ya juya fuskarsa nan take idan an ba shi isasshiyar wuta, ya kuma tsaya daram idan wutar ba ta kai ba. Masu haɗa waɗannan zobba suna aiki ne da gwaji da kuskure, su ƙara wannan su rage wancan, su gasa su duba. Goodenough ya tsaya a kan tambayar da ke ƙarƙashin aikin gaba ɗaya: me ya sa ƙwayoyin zarrar ƙarfe da ke zaune tsakanin ƙwayoyin oksijin suke jera maganaɗisunsu ta fuska ɗaya a wani sinadari, a wani kuma su juya wa juna baya?

Amsar da ya bayar ta fito a mujallar Physical Review a 1955, a maƙalar da ya rubuta kan wasu sinadarai na manganis da oksijin. A wannan shekara E. O. Wollan da W. C. Koehler na ɗakin bincike na Oak Ridge sun auna tsarin maganaɗisun waɗannan sinadarai, suka ga yana sauyawa ta hanyoyi masu rikitarwa duk lokacin da aka canza yawan kalsiyam da ke cikinsu. Goodenough ya nuna cewa rikicin yana da ƙa'ida. Idan ƙwayoyin ƙarfe biyu suna fuskantar juna a layi miƙaƙƙe da oksijin a tsakaninsu, kuma mazaunin ilektoron na kowannensu rabinsa ne a cike, to maganaɗisunsu zai saɓa wa juna. Idan kuwa na ɗaya rabinsa a cike ne, na ɗayan kuma babu kowa a ciki, sai su fuskanci wuri guda. Masanin Japan Junjiro Kanamori ya ƙara faɗaɗa wannan bayani a 1959, shi ya sa ake kiran su ƙa'idojin Goodenough da Kanamori, kuma tushensu yana komawa ga aikin da Hendrik Kramers da Philip Anderson suka yi tun da farko. A 1963 ya tattara tunaninsa a littafin Magnetism and the Chemical Bond. Abin da ya bambanta wannan aiki shi ne ya ɗauko lissafin masu fiziks ya mayar da shi harshen da mai haɗa sinadarai zai iya aiki da shi a gaban tanderu: duba yadda ƙwayoyin suka zauna, ƙirga ilektoron ɗinsu, sannan ka faɗi halin da sinadarin zai nuna tun kafin ka haɗa shi.

Tarihin wannan maƙala ta 1955 kaɗai ya isa darasi a kan ƙidayar ambato. Shekaru da dama masana ƙalilan ne suke komawa gare ta. A 1993 da 1994 aka gano cewa waɗannan sinadarai na manganis suna sauya yadda suke barin wutar lantarki ta ratsa su sauyi mai girman gaske idan aka kusanto musu da maganaɗisu, sai ɗakunan bincike a duniya suka yi ca a kansu, kuma kowa ya tarar cewa taswirar da yake buƙata an zana ta tun kusan shekara 40 da suka wuce. Sidney Redner, wanda ya yi nazarin ambaton maƙalun Physical Review na tsawon shekara 110 ya wallafa a 2005, ya nuna yadda tsofaffin maƙalun wannan fage, har da na Zener da na Wollan da Koehler da na Goodenough, suka farka daga dogon barci a wannan lokaci. Ma'aunin tasirin mujallu da Eugene Garfield ya assasa yana duba shekara biyu ne kacal bayan fitowar maƙala. Da irin wannan ma'auni aka yanke wa maƙalar hukunci a 1957, da ba a ga ko kaso kaɗan na nauyinta ba.

Juyawarsa zuwa harkar makamashi ta faro ne a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da kamfanin Ford ya fito da batir mai aiki da sodiyam da farar wuta, wanda a cikinsa ƙwayoyin sodiyam suke ratsa wani daskararren sinadari. Wannan ya ja hankalinsa ga yadda ƙwayoyi masu caji suke tafiya cikin abu mai tauri. A 1976 shi da Henry Hong da James Kafalas suka wallafa bayanin wani sinadari da aka sa wa suna NASICON, wanda ƙwayoyinsa suka jeru kamar gini mai ƙofofi a buɗe, sodiyam yana ratsa shi cikin sauri. Rikicin man fetur na 1973 ya ƙara masa ƙaimi, amma masu ba ɗakin binciken kuɗi ba su ɗauki makamashi a matsayin aikinsu ba. Saboda haka da Jami'ar Oxford ta Ingila ta gayyace shi ya shugabanci sashen kimiyyar sinadaran ma'adinai a 1976, sai ya tafi, yana da shekara 54.

A wannan lokaci Whittingham, yana aiki a kamfanin mai na Exxon, ya riga ya nuna cewa ana iya cusa litiyam cikin wani sinadari na titaniyam da farar wuta mai shimfiɗa hawa-hawa, a kuma fitar da shi ba tare da ginin ya rushe ba. Batirinsa yana ba da bolt biyu da ɗoriya. A nan ne shekara 24 da Goodenough ya yi yana nazarin ilektoron suka yi masa rana, kuma wannan gaɓa ta cancanci a tsaya a kanta. Ƙarfin batir kamar ƙarfin ruwan da ke gangarowa ne, gwargwadon tazarar da ke tsakanin sama da ƙasa gwargwadon ƙarfin zubarsa. Ilektoron yana barin ɓangaren litiyam, inda yake a sama, ya faɗa ɓangaren da ake kira katod. Goodenough ya san cewa a sinadaran farar wuta akwai wani daɓe da ba za a iya haƙa ƙasa da shi ba, domin idan aka matsa, farar wutar ce da kanta za ta fara sakin ilektoron ɗinta. A sinadaran oksijin kuwa wannan daɓe ya fi zurfi nesa ba kusa ba. Ke nan idan ana son batir mai ƙarfi, a bar farar wuta a koma ga oksijin, a kuma zaɓi ƙarfen da matakin ilektoron ɗinsa yake can ƙasa.

Da wannan lissafi ya sa Koichi Mizushima, wanda ya zo daga Jami'ar Tokyo, tare da Philip Jones da Philip Wiseman, suka gwada sinadaran litiyam da oksijin masu ɗauke da ƙarafa irin su kobalt da nikel. A 1980 suka wallafa sakamakon a mujallar Materials Research Bulletin: sinadarin litiyam da kobalt da oksijin yana ba da kusan bolt huɗu. Ba a iya kwashe litiyam ɗin duka ba tare da ginin ya lalace ba, kusan rabinsa ne ake iya fitarwa a mayar, shi ya sa a aikace aka daɗe ana samun kimanin 140 daga cikin 274 na ma'aunin cajin da lissafi ya nuna a kowane giram. Ko da haka tsallen ya yi girma. Akwai kuma wata fa'ida da masana'antu ba su gane da wuri ba, wato tun da katod ɗin yana ɗauke da nasa litiyam, ba dole ba ne a sa tsantsar ƙarfen litiyam a ɗaya ɓangaren, wanda shi ne ke jawo gobara. Wannan ƙofa ce Yoshino ya shiga a kamfanin Asahi Kasei, inda a 1985 ya haɗa sinadarin Goodenough da wani nau'in gawayi da ake samu daga tace man fetur. A 1991 kamfanin Sony ya fitar da irin wannan batir a kasuwa a karon farko.

Batun kuɗi a wannan gaɓa yana da ɗaci. Jami'ar Oxford ba ta ɗauki nauyin yin rajistar mallakar ƙirƙirar ba, sai aka yi ta hannun cibiyar binciken makamashin nukiliya ta gwamnatin Birtaniya da ke Harwell, bisa sharaɗin masu binciken su sarayar da haƙƙinsu na riba. Cibiyar ta sayar wa kamfanoni lasisi, Goodenough kuwa bai samu kaso daga abin da aka tara ba. Duk wanda zai auna tasirinsa da kuɗin da ƙirƙira ta kawo masa ko ta kawo wa jami'arsa zai rubuta sifili a gaban sinadarin da ya shiga aljihun biliyoyin mutane. A 2010 ƙungiyar masana sinadarai ta Birtaniya ta manna allon tunawa a bangon ginin da aka yi aikin.

Sinadari na biyu ya zo da ɗan Afirka ta Kudu, Michael Thackeray, wanda ya taso daga cibiyar binciken kimiyya ta ƙasarsa da ke Pretoria ya je Oxford. A 1983 shi da Bill David da Peter Bruce da Goodenough suka nuna cewa sinadarin litiyam da manganis da oksijin, mai tsarin da ake kira sipinel, yana karɓar litiyam ta hanyoyi masu ratsa ginin ta kowace fuska. Manganis ya fi kobalt araha, ko da yake batirinsa yana saurin raguwa idan ya ji zafi.

Da shekarun ritaya na Oxford suka matso, sai ya koma Jami'ar Texas da ke Austin a 1986, yana da shekara 64, kuma a ganina aikin da ya yi a can ne ya fi bayyana irin tunaninsa. Shi da Arumugam Manthiram sun nuna a 1987 da 1989 cewa ana iya ɗaga ƙarfin batirin baƙin ƙarfe ba tare da canza ƙarfen ba, ta hanyar canza maƙwabtansa. Idan oksijin ɗin da ke kewaye da ƙarfen yana ɗaure tamau da wata ƙwaya kamar farar wuta ko fosforas, riƙonsa ga ƙarfen yana sassautawa, matakin ilektoron ɗin ƙarfen ya sauka ƙasa, bolt kuma ya hau. Wannan ita ce dabarar da ta kai ga maƙalar 1997 a Journal of the Electrochemical Society, wadda Akshaya Padhi da K. S. Nanjundaswamy da Goodenough suka rubuta kan sinadarin litiyam da baƙin ƙarfe da fosfet. Yana ba da kimanin bolt 3.4, ƙasa da na kobalt, amma fosforas yana riƙe oksijin ƙam, don haka ba ya saurin kamawa da wuta, yana kuma jure caji sau dubbai. Da farko yana da babban aibi, domin wutar lantarki ba ta ratsa shi da kyau. Ƙungiyar Michel Armand a Kanada tare da kamfanin Hydro-Québec ce ta magance wannan ta hanyar lulluɓe ƙananan ƙwayoyin sinadarin da siririn gawayi. An yi shekaru ana shari'o'i kan mallakar wannan fasaha, kamfanonin ƙasar Sin irin su BYD da CATL kuma suka zama manyan masu ƙera ta. Duk wanda ya shiga shagon kayan sola a Kano ko Kaduna ko Yamai ya ga batir an rubuta masa LiFePO4 a jiki, to sinadarin wannan maƙala yake kallo. Muhimmancinsa ya ƙaru saboda babu kobalt a cikinsa, ma'adinin da kusan kashi 70 cikin 100 na wanda ake haƙowa a duniya yake fitowa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, inda aka sha kokawa kan halin da masu haƙar hannu suke ciki a yankin Kolwezi.

Idan aka jera alƙaluma, Goodenough ya wallafa ɗaruruwan maƙalu, kuma na 1980 da na 1997 suna cikin waɗanda aka fi ambata a fagen batir. Ya karɓi lambar yabo ta Japan a 2001, da ta Enrico Fermi a 2009, da ta Draper a 2014, da ta Copley a 2019. Amma alƙaluman suna ɓoye abu biyu. Na farko, manyan dangogin katod uku da duniya ta dogara da su, mai hawa-hawa da sipinel da fosfet, duk sun ratsa ta ɗakin bincikensa, kuma ba sa'a ce ta maimaita kanta sau uku ba, tambaya ɗaya ce yake yi wa kowane sinadari: a ina matakin ilektoron ɗin ƙarfen yake, kuma me zai motsa shi? Ma'aunin h da Jorge Hirsch ya gabatar a 2005 don auna tasirin masani yana ƙirga maƙalu ɗaya bayan ɗaya kamar buhunan hatsi a sito, ba shi da idon ganin zaren da ya ɗinke 1955 da 1980 da 1997. Na biyu, daga lokacin da wata ƙa'ida ta shiga littattafan karatu, mutane sukan daina ambaton maƙalar da ta kawo ta, su riƙa kiran sunanta kawai, don haka nasarar tunani takan rage ƙidayar da ake auna shi da ita.

Adalci kuma yana buƙatar a faɗi cewa sunan shugaban ɗakin bincike yakan rufe na waɗanda suka tsaya a gaban tanderu. Mizushima ne na farko a jerin marubutan maƙalar 1980, Thackeray a ta 1983, Padhi a ta 1997, kuma dokar Nobel ba ta barin fiye da mutum uku su raba lamba ɗaya. Rachid Yazami ɗan ƙasar Maroko, wanda a farkon shekarun 1980 ya nuna a Faransa cewa ana iya cusa litiyam cikin girafait, wato nau'in gawayin da ke bakin fensir, a fitar da shi, ya raba lambar Draper da Goodenough da Yoshino da Yoshio Nishi na Sony, amma bai shiga cikin ukun Stockholm ba, alhali girafait ne ke ɗaya ɓangaren kusan kowane batirin litiyam na yau. Wannan yana damuna a matsayina na mai bibiyar tarihin kimiyya, domin ɗalibin da ya karanta sanarwar lambar kaɗai zai ɗauka mutum uku ne suka gina abin da hannaye da yawa suka gina.

Ba duk abin da ya ɗauki sunansa ne ya samu karɓuwa ba. A 2017, yana da shekara 94, shi da Maria Helena Braga ta ƙasar Fotugal da abokan aikinsu suka wallafa maƙala a mujallar Energy and Environmental Science kan batir mai daskararren gilashi a tsakiyarsa, wanda suka ce zai fi na yanzu ɗaukar caji da aminci. Jaridu sun yi ta yayata labarin saboda girman sunansa. Masana irin su Daniel Steingart da Venkat Viswanathan sun rubuta martani a mujallar, suna cewa bayanin da aka bayar na yadda batirin yake aiki bai dace da dokokin makamashi ba, domin idan litiyam ya tashi daga ɓangare ɗaya ya sauka a ɗayan yana nan a matsayinsa na tsantsar ƙarfe, babu tazarar da za ta haifar da bolt mai ɗorewa. Marubutan sun kare matsayinsu, amma fagen bai rungumi sakamakon yadda ya rungumi na 1980 ba, wanda kowane ɗakin bincike mai kayan aiki yake iya maimaitawa ya samu bolt huɗunsa. Maƙalar ta tara ambato, wani na goyon baya wani na suka, kuma ma'aunin ƙidaya ba ya rarrabe tsakaninsu. Na ga ya zama dole a sa wannan a cikin nazarin, domin girmama malami ba ya hana a duba lissafinsa, kuma waɗanda suka yi masa tambayar sun yi ta ne da irin hujjar matakan makamashi da shi kansa ya koyar da fagen.

Ya rasu a Austin a ranar 25 ga Yuni, 2023, saura wata guda ya cika shekara 101. A daidai wannan lokaci wani tsohon aikinsa yana sake motsi. Tsadar litiyam da fargabar ƙarancinsa sun mayar da hankalin masana ga sodiyam, wanda ake samu a gishiri, kuma a 2021 kamfanin CATL ya sanar da batirinsa na farko mai aiki da shi. Ginin NASICON da aka bayyana a 1976 yana cikin waɗanda ake gwadawa yanzu ta fuska biyu, a matsayin katod ɗin batirin sodiyam, musamman nau'in da ke ɗauke da banadiyam da fosfet, da kuma a matsayin daskararriyar hanyar da ƙwayoyin caji za su bi a madadin ruwan sinadari mai kamawa da wuta.